Shagon da kuɗin dako ya kusa cinyewa: nazarin wata goma sha ɗaya na gyaran farashin aike

Asalin lamarin

Shagon na mace ɗaya ne, da ƙaninta da ke taya ta naɗe kaya da yamma. Kayan ƙawata ɗaki take sayarwa ta intanet, kuma iri uku ne ke ɗauke da cinikin: rigar matashi, kyandir na cikin gilashi, da murfin fitila na yadi mai faɗin gindi da tsukakken kai. A kan WooCommerce ta gina shagon, wato manhajar kasuwanci da ke hawa kan WordPress (manhajar gina shafin intanet), wadda ta fito a 2011 kuma kamfanin Automattic ya saye ta a 2015. Kamfanin jigila ɗaya take ba kaya. Yakan zo ya kwasa, sannan ya turo takardar biya a ƙarshen wata.

Da yake kuɗi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, an mayar da duk lissafin da ke cikin wannan rubutu zuwa ma'auni ɗaya. Kuɗin dakon da ta fara caji shi ne 10, duk wani adadi da za a ambata a kansa aka auna. Nauyi da kilo ne, tsawo da santimita.

Kayan nan uku ba su yi kama da juna ba ta kowace fuska. Rigar matashi giram 200 ce, tana shiga ledar aike ta kwanta lif. Kyandir giram 600 ne, ƙarami amma yana buƙatar kwali da abin tare fashewa. Murfin fitila giram 900 ne, yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya, amma kwalinsa 40 ne a tsawo, 40 a faɗi, 30 a tsayi. Kusan oda ɗaya cikin huɗu tana ɗauke da murfin fitila.

Maris zuwa Mayu: farashi ɗaya ga kowa

Ranar da ta buɗe shagon, saitin dako shi ne abu na ƙarshe da ta taɓa. Ta aika wa wata ƙawarta kyandir biyu, ta ga abin da kamfanin ya karɓa, ta ɗan ƙara a kai, ta rubuta 10 a matsayin tsayayyen farashi. Shiyya ɗaya ta buɗe, wato yankin da manhajar ke ba farashin dako nasa, ta sa ƙasar gaba ɗaya a ciki. A ƙasan jerin shiyyoyin akwai wani layi da manhajar ke ajiyewa don duk wuraren da ba su faɗa cikin kowace shiyya ba, nan ma ta rubuta 10 don kada ta bar gurbi a buɗe.

Ciniki ya kankama. Kwastomomi ba su yi ƙorafi ba, sai masu sayen rigar matashi guda ɗaya da ke cikin gari ɗaya da ita, waɗanda suka ga 10 ya yi yawa ga abin da ke shiga leda. Gaskiyarsu ne, domin kamfanin 6 yake karɓa a kan irin wannan.

Takardun biya na Maris da Afrilu ta biya su ba tare da ta karanta layi-layi ba. Jimilla kawai take dubawa. A Mayu sai ga oda daga ƙasar waje: murfin fitila biyu, an biya dako 10. Ba ta ma san shagon yana karɓar oda daga ƙetare ba. Layin nan na ƙasa ne ya buɗe ƙofar, tare da babban saitin da ke cewa a aika wa duk ƙasar da ake sayar wa. Kuɗin kai kayan ya fi kuɗin murfin biyu a haɗe. Ta mayar wa mai sayen kuɗinsa da ban haƙuri, ta goge farashin da ke wannan layin, ta taƙaita aikawa ga ƙasarta kaɗai.

Wannan odar ce ta sa ta haɗa lissafin wata ukun. A duk 100 da ta biya kamfanin jigila, 71 ta karɓa daga masu saye. Sauran 29 daga ribar kaya suka fita, kuma ba a ma sa kuɗin kwali da salatif a ciki ba.

Yuni: ƙarin farashi, sannan lissafi da adadin kaya

Abin da ya fara zuwa mata shi ne ta ɗaga farashin. Ta mayar da 10 zuwa 14, tun da 14 ne matsakaicin abin da take biya a kowace oda. Cikin mako biyu odar rigar matashi ta ja baya sosai, ta murfin fitila kuwa ba ta motsa ba. Wato masu ƙananan kaya, waɗanda daman su ke cike giɓin, sun janye, an bar ta da masu manyan kwalaye da har yanzu ba su biyan abin da ake kashewa a kansu. Matsakaicin ya tashi daga 14 ya haura sama. An gudu ba a tsira ba.

Wannan janyewar ba baƙon abu ba ce. Cibiyar Baymard, wadda ta daɗe tana nazarin halayen masu saye a shafin biya, ta sha nuna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na kwandunan saye, wato kayan da mai saye ya zaɓa ya tara a shagon intanet, ana barin su ba a biya ba, kuma a cikin dalilan da mutane ke bayarwa, ƙarin caji irin na dako da haraji shi ke zuwa kan gaba.

A tsakiyar watan ta koma wata dabara. Gurbin tsayayyen farashi a manhajar yana karɓar ɗan lissafi, ba lamba kaɗai ba, don haka ta rubuta 8, a ƙara 2 a kan kowane kaya da ke cikin kwando. Mai riga ɗaya ya koma biyan 10. Amma mai riga shida, waɗanda duk leda ɗaya ke ɗauka, ya ga 20 a gabansa, alhali kamfanin bai wuce 9 ba a kan wannan ledar idan cikin gari ne. Mai murfin fitila ɗaya kuma 10 yake biya. Lissafin yana hukunta wanda ya sayi da yawa, yana kuma yafe wa wanda kayansa ke cin wuri.

Yuli: dako kyauta

Ta karanta a wurare da dama cewa dako kyauta yana jawo ciniki, ta gwada. Sharaɗin shi ne odar ta kai wani adadi, kuma adadin da ta zaɓa ya yi daidai da farashin murfin fitila ɗaya da kyandir ɗaya. Ba da gangan ba ne, lamba ce da ta yi mata kyau a ido. Sakamakon shi ne duk mai sayen murfin fitila ya ƙara kyandir ɗaya ya haye, kuma kayan da ya fi tsadar aikawa shi ya fi samun kyautar.

Akwai kuma wani ɗan akwati a saitin da ta danna ba tare da ta tsaya a kansa ba, wanda ke cewa a duba ko oda ta kai adadin tun kafin a cire ragin da lambar ragi ta kawo. A watan tana da lambar ragi ta kashi 15. Mutum sai ya cika kwando ya kai adadin, dako ya zama kyauta, sannan ya sa lambar, kuɗin ya sauka ƙasa da adadin, kyautar kuma tana nan. Ragi biyu a oda ɗaya.

Ciniki ya ƙaru a Yuli, wannan ba a musu. Amma a duk 100 da ta biya kamfanin jigila, 48 ta karɓo. Ta rufe kyautar a ƙarshen watan.

Farkon Agusta: lissafi da nauyi

A nan ta yanke cewa nauyi ne ma'aunin adalci. WooCommerce a karan kansa hanyoyi uku yake zuwa da su: tsayayyen farashi, dako kyauta, da zuwa a karɓa da kai. Ba ya lissafi da nauyi sai an ƙara masa wata manhaja ta jadawalin farashi. Ta sayi ɗaya, ta ɗora kowane kaya a kan sikelin kicin, ta shigar da nauyinsa, ta kwafi farashin kamfanin na kowane mataki: zuwa rabin kilo, zuwa kilo 1, zuwa kilo 2, har sama.

Ga riga da kyandir, lissafin ya zauna daidai a karon farko. Ga murfin fitila, jadawalin ya ga giram 900 ya ce 7. Ƙasa ma da abin da ake caji a Maris.

Ƙarshen Agusta: zama da takardun biya

Ƙanin nata ne ya ce a buga takardun biyan duka a kan takarda, a ajiye kowace oda kusa da layinta. Suka yi hakan a dare biyu. A kowane layi akwai gurbi biyu na nauyi, ɗaya na abin da sikeli ya nuna, ɗaya na abin da aka yi caji a kansa. A layin riga da na kyandir, lambobin biyu kusan ɗaya ne. A layin murfin fitila, gurbin farko 1.3 ne, haɗe da nauyin kwali, na biyu kuma 10.

Abin da ke faruwa sananne ne a harkar jigila, kuma yana rubuce a sharuɗɗan da ta sa wa hannu. Mota ko jirgi yakan cika da girman kaya tun kafin ya cika da nauyinsu, don haka kamfanoni suna sayar da wuri ne kamar yadda suke sayar da kilo. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi, su raba da wata lamba, abin da ya fito shi ne nauyin cin wuri. Sai a kwatanta shi da nauyin sikeli, a yi caji a kan wanda ya fi girma. Lambar da ake rabawa da ita ta bambanta. DHL Express 5000 yake amfani da ita idan awon da santimita ne. A dakon kaya ta jirgin sama 6000 ce aka saba da ita a ƙa'idar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. FedEx da UPS, masu awo da inci da fam a Amurka, sun faɗaɗa wannan lissafi zuwa duk kwalayen da ke bin mota a 2015, sannan a 2017 suka sauke lambar daga 166 zuwa 139, wanda ke nufin kwali iri ɗaya ya ƙara nauyi a takarda ba tare da an ƙara masa komai ba. Duk lokacin da lambar ta ragu, kuɗi ya hau.

Kamfanin da take hulɗa da shi 5000 yake amfani da ita, kuma yana cika lissafi zuwa rabin kilo na gaba. Kwalin murfin fitila: 40 sau 40 sau 30 ya ba da 48,000. A raba da 5000, ya zama 9.6, a cika ya zama 10. Kilo 10 a cikin gari 24 ne, zuwa jihohin da ke kusa 31, zuwa nesa 42. Wata biyar tana karɓar 10, ko 14, ko ba komai, a kan wannan kwalin.

Da suka sa tef ɗin awo a jikin kwalin suka buɗe shi, sai suka ga murfin bai cika shi ba. Faɗin gindinsa 32 ne, tsayinsa 20. Ta sayi kwalayen ne da yawa a farkon shekara don sun yi araha a sari, sauran wurin kuma takarda ake cusawa. Iska da takarda take biya wa kuɗin mota.

Takardun sun nuna wasu abubuwa uku da ba su cikin jadawalin da ta kwafa. Na farko ƙarin kuɗin mai, wanda kaso ne da ake ɗorawa a kan farashin, kuma yana canzawa, wasu kamfanoni duk wata, wasu duk mako. Na biyu cajin wuri mai nisa, tsayayyen kuɗi a kan wasu lambobin gidan waya da kamfanin ya ware, kuma akwai jerinsu a shafinsa ga duk mai nema. Na uku cajin gyaran adireshi, wanda ya faɗo sau da yawa a odar da mai saye ya rubuta lambar gidan waya ba daidai ba. Bayan waɗannan akwai wani da ba ya cikin takardar kamfanin jigila kwata-kwata: kamfanin karɓar kuɗi ta kati yana cire kasonsa daga jimillar oda ne, har da kuɗin dakon. Ko da ta karɓi daidai abin da za ta biya, ba duka ke shigowa asusunta ba.

Satumba: kwali tukuna, saiti daga baya

Makonni biyun farko ba ta taɓa kwamfuta ba. Ta nemo kwali mai 36 da 36 da 24. Lissafinsa 31,104 ne, a raba da 5000 ya zama 6.2, a cika ya zama 6.5. Kilo uku da rabi sun fita daga kowace odar murfi ɗaya, farashin cikin gari ya sauka daga 24 zuwa 17. Kafin ta amince da shi ta naɗe murfi ɗaya, ta aika wa kanta ta kamfanin, ya dawo bai lotsa ba.

Murfin fitila yana da wata siffa da ba a lura da amfaninta ba sai a lokacin: suna shiga cikin juna. Uku iri ɗaya, da siririyar takarda a tsakani, suna zama a kwali mai 36 da 36 da 30. Wannan 38,880 ne, wato 7.8, a cika 8. Murfi ɗaya kilo 6.5, uku kilo 8. Duk tsarin da ke ninka farashi da adadi zai caji mai sayen uku kusan ninki biyu da rabi na abin da ya kamata. Haka kuma ramin da ke cikin murfin yana ɗaukar riguna da yawa, ko kyandir biyu a naɗe, ba tare da kwalin ya ƙaru ba.

Daga nan suka tsayar da ma'aji huɗu kacal: leda, ƙaramin kwali na kyandir ɗaya ko biyu, matsakaicin kwali na kyandir har shida, da kwalin murfin fitila mai tsayi iri biyu. Kowanne aka auna shi a cike, a rufe, da salatif a jiki, domin kwali yakan ɗan kumbura idan an cusa masa kaya, kuma kamfanin abin da ya gani yake aunawa. Aka rubuta farashin kowanne zuwa kowace shiyya a jadawali ɗaya, aka ɗora kuɗin mai, kuɗin kwalin da abin tare fashewa, da kason kamfanin kati.

Ta yi tunanin wata gajeriyar hanya da wasu masu shago ke bi, wato a rubuta 6.5 a gurbin nauyin murfin maimakon 0.9, jadawalin nauyi ya yi sauran aikin. Ta bar ta saboda dalili biyu. Manhajar tana nuna nauyin kaya a shafinsa, mai saye zai ga murfin yadi mai kilo shida da rabi. Sannan murfi uku za su zama kilo 19.5 a lissafi alhali 8 ne. Ta kuma duba haɗa shagon kai tsaye da kwamfutar kamfanin jigila, yadda farashi zai riƙa fitowa daga can a lokacin biya. Kamfanin nata ba shi da wannan haɗin, kuma ko da yana da shi, sai an gaya masa girman kwalin da oda za ta shiga kafin ya ba da amsar kirki.

Abin da ta gina a ƙarshe shi ne wannan. Shiyyoyi huɗu: cikin gari, jihohin kusa, sauran ƙasa, da wurare masu nisa da ta kwafo lambobinsu daga jerin kamfanin. Manhajar tana karɓar lambobin gidan waya ɗaya-ɗaya, ko a jere daga kaza zuwa kaza da ɗigo uku a tsakani, ko farkon lamba da alamar tauraro don kama duk waɗanda suka fara da ita, don haka aikin bai yi tsawon da ta zata ba. Sannan rukunin kaya biyu. Riga da kyandir suna bin nauyi, da nauyin ma'ajin a ciki. Murfin fitila yana bin adadi a mataki-mataki: ɗaya farashinsa daban, biyu ko uku farashi ɗaya, huɗu zuwa shida kwali biyu ke nan.

Saura odar da ta haɗa rukuni biyu. Akwai zaɓi biyu: a tara farashin kowane rukuni, ko a ɗauki na wanda ya fi tsada kawai. Masu shago a Shopify, wata manhajar kasuwanci ta intanet, su ma suna haɗuwa da irin wannan tambaya, domin a can idan kayan oda ɗaya sun fito daga tsarin dako daban-daban, ana tara farashinsu ne. Ita ta zaɓi mafi tsada, tun da yawancin haɗin da take gani murfi ɗaya ne da riga ko kyandir ɗaya, kuma duk kwali ɗaya suke shiga. Ta san cewa mai murfi ɗaya da kyandir biyar zai ci kwali biyu ya biya na ɗaya. Ta duba odar wata shida ta ga irin wannan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ta bar shi haka.

Oktoba: abin da ya karye a gwaji

Kafin ta saki sabon tsarin, ta rubuta kwanduna 15 na gwaji, kowanne da adireshi daga kowace shiyya, ta rubuta farashin da take sa ran gani kafin ta duba allo. Ta kunna yanayin binciken dako da ke cikin saitin, wanda ke nuna sunan shiyyar da adireshi ya faɗa, kuma yake hana manhajar nuna tsohon farashin da ta ajiye na wucin gadi. Ba don shi ba, da ta yi ta gyara tana ganin tsohuwar lamba tana zaton gyaran bai kama ba.

Abu uku suka fito.

Adireshin cikin gari yana samun farashin sauran ƙasa. Tun sigar 2.6 ta 2016 da aka shigo da tsarin shiyyoyi, manhajar tana bin jerin ne daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya a shiyyar farko da adireshin ya dace da ita. Tsohuwar shiyyarta ta ƙasa baki ɗaya tana can saman jeri tun Maris, kuma kowane adireshi ya dace da ita. Ta ja ta zuwa ƙasa, ta sa masu nisa a sama, sai cikin gari, sai jihohin kusa. Ƙaramar shiyya a sama, babba a ƙasa.

Na biyu, wani kwando ya nuna cewa babu hanyar aikawa zuwa wannan adireshi. Nauyinsa 1.05 ne. Ta rufe mataki ɗaya a 1, ta buɗe na gaba a 1.1, duk abin da ya faɗa tsakani ba shi da farashi. Wannan ya fi sauran haɗari, domin mai saye ba zai rubuto ya ce ya kasa biya ba, tafiyarsa zai yi. Ta haɗe bakin matakan, ta kuma bar na ƙarshe a buɗe ba iyaka a sama.

Na uku, babban kyandir yana tafiya a farashin ƙarami. Kyandir ɗin kaya ɗaya ne a shagon mai girma biyu, kuma idan ba a rubuta wa kowane girma nauyinsa ba, sai ya gaji na uwar kayan. Babban kilo 1.1 ne, ana lissafa shi a giram 600. Wasu riguna sababbi guda huɗu kuma ba su da nauyi ko kaɗan, jadawalin yana ɗaukarsu sifili.

Bayan gyara ta sake bin kwandunan 15 daga farko, ba waɗanda suka karye kaɗai ba. Ta saki tsarin a mako na uku na Oktoba, tare da ɗan shafi da ke nuna farashin kowace shiyya, da layi ɗaya a ƙarƙashin murfin fitila da ke cewa biyu ko uku kuɗin dakonsu ɗaya.

Nuwamba zuwa Janairu: sakamako

A Nuwamba da Disamba, a duk 100 da ta kashe a kan jigila da kwali, 97 ta karɓo. Giɓin 3 ɗin daga odar haɗin da ta riga ta sani ne, da cajin gyaran adireshi da bai ƙare ba ko da ya ragu. Odar riga ɗaya a cikin gari ta dawo, da dako 7. Odar murfin fitila guda ɗaya zuwa nesa ta ragu a fili, kuma wasu sun rubuto suna cewa dakon ya yi tsada. Odar murfi biyu ko uku ta ƙaru.

Ta dawo da dako kyauta a Disamba, amma ga rukunin riga da kyandir kaɗai, a shiyyoyi biyu na kusa, da adadin da ya ɗara abin da mutane suka saba saya a oda ɗaya, kuma ana duba shi bayan an cire ragi. A irin wannan odar dakon da take yafewa bai kai ribar kayan da aka ƙara don a kai adadin ba.

A Janairu kamfanin ya ɗaga farashinsa, kamar yadda manyan kamfanonin jigila suka saba yi a farkon shekara. Ta canza lambobin a jadawalinta, ta kwafe su zuwa shagon, ta bi kwandunan 15. Yamma ɗaya aikin ya ci.

Hukunci

Gwaje-gwaje huɗun farko sun faɗi ne a kan abu ɗaya. Kowannensu ya nemi amsa a cikin saitin shago, alhali lambar da ake buƙata tana jikin kwali da cikin takardar biya. Farashi ɗaya, lissafi da adadi, kyauta, da nauyin sikeli duk hanyoyi ne masu aiki a shagon da ya dace da su. Mai sayar da littattafai ko tufafi kaɗai zai iya zama a kan tsayayyen farashi shekara da shekaru bai yi asara ba, domin kayansa kusan girmansu ɗaya. Wannan shagon yana da kaya ɗaya da nauyinsa a takarda ya ninka na sikeli fiye da sau bakwai, kuma babu matsakaicin da zai rufe irin wannan tazarar.

A ganina canjin kwali ya fi duk abin da aka yi a allo muhimmanci, kuma shi ne aka fi jinkirtawa. Sabon saiti ya mayar da kuɗin kan mai saye ne kawai. Ƙaramin kwali kuwa ya rage kuɗin da kansa, daga 24 zuwa 17, kuma da an fito wa masu saye da farashin gaskiya a kan tsohon kwalin, da wuya murfin fitila ya ci gaba da sayuwa. Manhajar jadawalin da ta saya ta yi amfani, amma an saye ta makonni uku kafin a san abin da za a zuba mata.

Barin giɓin odar haɗi ma daidai ne. Za a iya rubuta ƙa'idar da za ta kama kowane irin haɗi, amma kowace ƙa'ida da aka ƙara wata ƙofa ce ta irin kuskuren da aka gani a Oktoba, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa kula da su duka. Asarar 3 cikin 100 da aka san inda take ta fi tsarin da mai shi ba zai iya bayaninsa ba bayan wata shida.

Inda ban gamsu ba shi ne murfi ɗaya zuwa nesa. Dakonsa har yanzu babban kaso ne na kuɗin kayan, kuma raguwar odar ta nuna masu saye sun ji shi. Akwai hanyoyi biyu da ba a gwada ba: a shigar da wani ɓangare na dakon cikin farashin murfin, wanda zai sa na kusa su tallafa wa na nesa, ko a nemi kamfani na biyu don manyan kwalaye kaɗai, mai raba girma da 6000. A kan kwalin 36 da 36 da 24, wannan zai sauke nauyin caji daga 6.5 zuwa 5.5. Ta nemi farashi daga kamfanoni biyu a ƙarshen Janairu, kuma a lokacin da aka rufe wannan nazari ba ta yanke shawara ba.